GANDUN DAJIN KAMUKU: DARASI DOMIN MUTANEN GARI

Darasinmu na wannan wata a kan namun daji ne, da kuma wurin da aka keɓe musu a yammacin Kaduna. Mun shirya shi musamman domin masu karatunmu na Romi da maƙwabtansu na Television, da Sabon Tasha, da Gonin Gora, amma zai amfani dukan wanda ke zaune a birni. A karanta shi sannu a hankali, in da hali a cikin taro, sa'an nan a amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

Bari mu fara da ɗan gwaji. Ku kira yaro ɗan shekara goma, haifaffen Romi, ku ce ya lissafa muku namun daji. Nan da nan zai ce zaki, da giwa, da kura, da damisa. To, ku tambaye shi wanne a ciki ya taɓa gani yana yawo a dawa. Zai yi shiru. Ku sake tambayarsa bambancin gwanki da kanki, ko na gada da mazo. Wataƙila ko sunayen bai taɓa ji ba. Kakan wannan yaro kuwa, in ya ga sawu a bakin rafi da safe, ya san naman da ya wuce, ya san babba ne ko ƙarami, ya san gudu ya ke yi ko kiwo. Tsakanin kaka da jika ilimi mai yawa ya zube. Ina namun suka tafi? Akwai kuwa sauran abin da za mu iya riƙewa?

1. YADDA DAWA TA ZAMA GARI

Romi ƙasar Gbagyi ce tun asali, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Rafin Romi ya ratsa ta, ya tafi ya faɗa cikin Kogin Kaduna. Mutane da yawa suna cewa sunan Kaduna kansa daga kada ya fito, watau kadduna, saboda yawansu a kogin a zamanin da.

A 1917 Turawa suka mai da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. A 1957 babbar masaƙa ta fara aiki a Kakuri, mutane suka yi ta zuwa daga ko'ina neman aiki. A 1980 aka buɗe matatar man fetur, ba nisa da inda rafin Romi ya biyo. Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 kuma mutane da yawa suka ƙaura zuwa kudancin kogi. Da haka dawa ta zama gona, gona ta zama fuloti, fuloti ya zama gida.

Ba wanda ya zauna ya ƙulla shawarar a kori namun daji. Kowa bukatarsa ya bi. Wannan yana neman gona, wancan yana neman itacen wuta, wani kuma nama domin miya. Amma naman daji ba ya yin sallama in zai tafi. Bana a ga goma, baɗi a ga uku, wata rana sai a tuna an daɗe ba a ga ko ɗaya ba. Manya ne su kan fara ɓacewa, gama suna bukatar fili mai faɗi, haihuwarsu kuma ba ta da sauri. Ƙanana, irin su kurege da zomo da gafiya, su ne su kan jure zama kusa da mutum.

Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Abin da ya cinye dawar Romi zai iya cinye kowace dawa, in ba a tsaya mata ba. Shi ya sa aka yi gandun daji.

2. MENE NE GANDUN DAJI?

Kowane manomi ya san gandu. Ita ce babbar gonar gida, wadda kowa ke yi wa aiki, kowa kuma ke ci daga cikinta. Ba ta mutum ɗaya ba ce, ba kuwa mai ikon sayar da ita shi kaɗai. Gandun daji ma haka ya ke. Yanki ne na dawa da hukuma ta shata wa iyaka domin amfanin jama'a duka, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Kada mu zaci Turawa ne suka fara kawo mana wannan hikima. Kakanninmu suna da kurmin da ba a sara, da dutsen da ba a farauta a kai. Suna da sarkin dawa da sarkin baka masu faɗin lokacin fita farauta da lokacin dainawa. Maharbi na gaske ba ya harbin nama mai ciki da gangan, gama ya san zai dawo baɗi.

A ƙasashen waje, a 1872 ne Amurka ta keɓe wani babban yanki da a ke kira Yellowstone domin jama'a su riƙa zuwa kallo da hutawa. Wasu ƙasashe suka yi koyi da ita. A Nijeriya an kafa dokar kiyaye namun daji a 1916, a 1963 kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata.

Gandun daji hawa uku ne. Na fari an yi shi domin itatuwa, shi ne wanda malamin daji ke tsaro a zamanin En'e. Na biyu an yi shi domin namun daji. Na uku shi ne wanda Gwamnatin Tarayya ke riƙe da shi da sunan ƙasa duka. A cikin wannan na uku ba noma, ba kiwo, ba sara, ba farauta. Baƙo ya shiga da idonsa da kunnensa, ya fito da labari. Kamuku ya taka waɗannan hawa uku ɗaya bayan ɗaya.

3. INA KAMUKU YA KE?

In mutum ya bar Romi ya haye kogi, ya bi ta Mando, ya kama hanyar yamma ta Buruku da Udawa, bayan tafiyar kamar kilomita 120, watau mil 75, zai iso Birnin Gwari. A wannan ƙasa gandun ya ke. A 1936 aka yanka shi gandun daji na En'e ta Birnin Gwari. Daga baya ya zama gandun namun daji a hannun gwamnatin jiha. A watan Mayu 1999 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi. Sunansa kuwa na Kamukawa ne, waɗanda su da Gwari ke zaune a wannan yanki tun da daɗewa, suna noma, da farauta, da saƙa, da ginin tukwane.

Faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 1,120. Da a ce kusurwa huɗu ne daidai, kowane gefe zai yi kamar kilomita 33, tafiyar yini guda ke nan ga mai ƙarfin ƙafa. Kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Mu lura da wannan: ruwan Mariga da ruwan Romi duka cikin Kogin Kaduna su ke faɗawa. Ashe mu da Kamuku 'yan kogi ɗaya ne.

Dawar doka ce. Akwai baushe, da taura, da maje, da ƙirya, da kaɗanya, da ɗorawa, ga gamba wadda ta kan shanye tsawon mutum da damina. A bakin rafuffuka akwai kurmi mai duhu da sanyi, har da kwakwar manja. Wurare uku sun yi suna a ciki. Akwai Dogon Ruwa, inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu. Akwai Goron Dutse, wani babban dutse mai santsi, mai zane-zanen fari da baƙi. Akwai kuma Tsaunin Rema, tudu ne na manyan duwatsu, wani bisa wani, wanda ya sami sunansa daga masu zama a cikinsa.

4. MAZAUNAN GANDUN

A lissafin da aka yi na namun Kamuku an rubuta giwa, da gwanki, da kanki, da mazo, da gada, da mugun dawa, da gwaggon biri, da jan biri, da kirka, da rema. An ƙidaya tsuntsaye iri 177 ko fiye, har da burtu da tuje. Bari mu dubi huɗu daga cikinsu, gama kowanne yana da abin da zai koya mana.

Giwa. Cikinta ya kan yi wata 22, ɗa ɗaya kuma ta kan haifa, sai bayan shekara huɗu ko biyar ta sake. Tsohuwar uwa ce ke jan garke, ita ce ta san inda ruwa ya ke in rani ya tsananta. Saboda haka in an harbe ta, ba nama ɗaya aka kashe ba, an kashe jagorar sauran. Giwa tana iya cin ciyawa da ganye mai nauyin kilo 150 a rana. Tana yin aiki kuwa a bakin abin da ta ci. Ta kan buɗe hanya a sarƙaƙiya, ta tona ruwa a busasshen rafi har ƙananan namu su sha a bayanta, ta haɗiye 'ya'yan itatuwa ta kai irinsu nesa a cikin kashinta. Amma ba za mu ɓoye gaskiya ba. Garken giwa yana iya share gonar dawa a dare ɗaya, manomin da aka yi wa haka kuwa kukansa na gaskiya ne. Wanda ke son giwa ta rayu, dole ya kula da wannan manomi. Ita dai giwar Kamuku ba ta san iyakar jiha ba. Tsakanin Kamuku da Kuyambana ta saba kai da kawowa.

Gwanki. Girmansa ya yi kusa da na doki. Fuskarsa baƙi da fari ce, kunnuwansa dogaye, ƙahoninsa sun lanƙwasa baya, namiji da mace duka suna da su. In uwa ta haihu, ta kan ɓoye ɗanta cikin doguwar ciyawa har makonni, ta riƙa zuwa tana ba shi mama. Ku duba fa. In an cinna wa ciyawar wuta, ko shanu sun cinye ta sun tattake, ina za ta ɓoye shi? Ana iya ƙarar da gwanki ba tare da an harba kibiya ko ɗaya ba.

Rema. Ɗan abu ne kamar babban zomo, mai gajerun kunnuwa, ba wutsiyar kirki. Tafin ƙafarsa yana da taushi da danshi, shi ya sa ya ke hawan dutse mai santsi ba ya zamewa. Da safe su kan fito su yi layi a kan duwatsu suna shan hantsi, ɗaya kuwa yana gadi. Da ya hango gaggafa sai ya yi ƙara, kafin ƙiftawar ido duk sun shige kogo. Masu binciken halittu sun gane cewa rema dangin giwa ne, ya fi kusa da ita bisa ga zomo ko ɓera. Haƙoransa biyu na sama ba su daina tsiro, kamar ƙananan haure. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna an ambaci rema a Karin Magana sura 30, cikin ƙananan halittu huɗu masu hikima. Irinsa ne ke duwatsun ƙasar Falasɗinu, irinsa ne kuma ke Birnin Gwari.

Burtu. Baƙin tsuntsu ne babba, mai tafiya a ƙasa biyu biyu, yana tsintar fara, da ƙadangaru, da macizai. Namun daji ba su tsoronsa. Maharbanmu sun gane haka tun da daɗewa, shi ya sa su ke ɗaura kan burtu a goshi, su durƙusa cikin ciyawa suna kwaikwayon tafiyarsa har su matso kusa da nama. Burtu yana yin sheƙa a kogon babban itace, ɗa ɗaya kuma ya kan raina. In an sare tsofaffin itatuwa, ya rasa ɗaki. A 2018 aka sa shi cikin jerin tsuntsayen duniya da a ke jin tsoron ƙarewarsu.

Abin da huɗun nan suka koya mana ɗaya ne. Kowane nama yana da gidansa, wannan ciyawa, wancan dutse, wancan kogon itace. Wanda ya rushe gidan ya kori mai gidan.

5. YADDA A KE KALLON NAMUN DAJI

Wani zai ce, mene ne amfanin a wahala a je dawa, a dawo ba nama? Amsar ita ce, gani ya kori ji. Jikin da ya gaji da hayaniyar gari da hayaƙin mota yana bukatar hutu. Yaron da ya taɓa ganin gwanki tsaye a dawa yana kallonsa ba zai manta ba har tsufansa, ba zai kuma yarda a ƙarar da shi ba.

Kallon namu yana da ƙa'idodinsa. Lokacin da ya fi shi ne rani, daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta kwanta, namu kuma suka taru a inda sauran ruwa ya ke. A fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, gama da tsakar rana suna kwance a inuwa. Kada a shiga sai da ma'aikacin gandu. A sa tufafi masu launin ƙasa, a bar farare da jajaye a gida. A tafi a hankali, a yi shiru. A lura da iska, ta riƙa busowa daga wajen naman zuwa wajen mai kallo, gama hancinsa ya fi idonsa. Kada a shiga tsakanin uwa da ɗanta. Kada a ba biri abinci, domin wanda ya saba da karɓa, gobe ƙwace zai yi. Kada a bar leda ko kwalba, kada kuma a bar wuta ba a kashe ba.

Wurin da 'yan Arewa suka fi sanin irin wannan yawon shi ne Yankari a Jihar Bauchi. An buɗe shi ga jama'a ran 1 ga Disamba 1962. Ya ninka Kamuku sau biyu, gama faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. Kogin Gaji ya ratsa shi, a bakinsa ne a kan ga giwa, da ɓauna, da gwambaza, da dorina. A can kuma maɓuɓɓugar Wikki ta ke, ruwa garau mai ɗumi, awo 31 a ma'aunin zafi dare da rana, rani da damina. Ɗaliban makarantu masu yawa a can suka fara ganin giwa. Kuɗin da baƙi ke biya, da aikin da 'yan ƙauye ke samu, suna cikin abin da ke sa a ga darajar nama mai rai.

6. SA'AD DA BANGO YA TSAGE

Yanzu mun zo ga sashe mai nauyi. Ba mutumin Kaduna da zai ji sunan dajin Kamuku ya fara tunawa da rema. Abin da zai zo masa a rai shi ne 'yan bindiga.

A shekarun da suka biyo bayan 2010 ɓarayin shanu suka kafa sansani a dazuzzukan Kamuku da Kuyambana. A 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye suka haɗa kai da sojoji, aka shiga dajin, aka ƙwato shanu da yawa. Duk da haka abin bai mutu ba, satar shanu ta zama satar mutane. Hanyar Birnin Gwari ta zama abin tsoro. Ƙauyuka suka watse, manoma da makiyaya duka suka yi asarar rai da dukiya. A watan Maris 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, a cikin ƙaramar hukumarmu ta Chikun. A ƙarshen wannan shekara gwamnatin jiha ta yi sulhu da wasu daga cikin masu ɗauke da makamai, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari wadda ta yi shekaru a rufe.

Dalilan wannan masifa suna da yawa. Akwai talauci, da rigimar gona da burtali, da yawan bindigogi, da nisan hukuma daga talaka. Amma abin da ya shafi darasinmu shi ne wannan: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dajin da ma'aikata suka yi kaɗan a ciki, baƙi kuma suka daina zuwa, ba ya zama wofi. Wasu ne za su tare. Haka ya faru da Sambisa a Borno, wanda shi ma gandun namun daji ne kafin ya zama maɓoyar Boko Haram. Inda aka yi sansanin masu bindiga kuwa, naman daji shi ne abincinsu na kullum.

Saboda haka zaman lafiyar mutum da zaman lafiyar nama a igiya ɗaya su ke. Inda ma'aikacin gandu ke iya zagayawa, can manomi ke iya kwana a gonarsa. Duk mai niyyar zuwa Kamuku, kada ya kama hanya sai ya nemi shawarar hukumar gandun da jami'an tsaro tukuna. Rigakafi ya fi magani.

7. HANNUN MUTUMIN GARI

Mai karatu zai ce, ni ban taɓa zuwa Birnin Gwari ba, ina ruwana? 'Yan'uwa, hannunmu ya fi ƙafarmu nisa. Ga hanyoyi huɗu da ya ke kaiwa dawa.

Gawayi. Kowane buhu da muka saya a bakin titi, itace ne a jiya. A irin ƙunar da a ke yi a rami, nauyin itacen da a ke ƙonewa ya kan ninka na gawayin da a ke samu sau 5 ko fiye. Itatuwan da suka fi ba da gawayi mai kyau kuwa su ne masu tauri, masu jinkirin girma, irin su ƙirya da kaɗanya. Kaɗanya ta kan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, a sare ta a wuni ɗaya. In na kusa sun ƙare, mai gatari gaba zai ƙara.

Naman daji. Maharbin da ya nemi na miyar gidansa dabam ya ke da wanda ke cika buhu domin kasuwar birni. Na biyun ba ya ƙoshi, gama mai saye ba ya ƙarewa. Tarkon waya kuma ba ya zaɓe, mai ciki da marar ciki duka kamawa ya ke yi.

Sassan jiki. Yaushe rabonku da ganin ungulu a mahauta? A da ba a rasa ta a kowace kasuwa. Masu neman kanta da ƙwanta domin magani da tsafi, da masu sa guba a mushe, sun rage ta ƙwarai, har a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa. Ita ce kuwa mai share mana mushe kyauta. Haka kuma cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe, an hana shi tun 1989.

Wuta. Ma'aikatan daji su kan yi ƙuna da wuri, bayan ɗaukewar ruwa, sa'ad da ciyawa ke da sauran danshi, domin wutar ta yi sanyi. Wutar da yara ke cinnawa a tsakiyar rani domin su kama gafiya ɗaya, ita ce mai cin ƙananan itatuwa, da ƙwan zabi, da zuma, wani lokaci har da rumbun maƙwabci.

8. ABIN DA YA TAFI YANA IYA DAWOWA

Kada mu karai. Ga misali daga maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma ya ɓace daga ƙasashe da yawa, har a 1996 saura 49 kaɗai, a yankin Kure, kudu maso gabas da Yamai. Ba a cikin shinge su ke ba, a tsakiyar gonakin mutane su ke yawo, har suna taɓa musu wake. Gwamnati ta hana kashe su. Aka taimaki ƙauyuka da rijiyoyi da rance, samari suka sami aikin yi wa baƙi jagora. Mutanen wurin suka ga raƙumin dawa mai rai ya fi matacce amfani. Cikin shekara ashirin da 'yan kai suka haura 600. A 2018 har aka ɗebi 8 aka kai gandun Gadabeji a yankin Maraɗi, inda aka daɗe ba a ga irinsu ba.

Doka ta taimaka, amma abin da ya ceci raƙumin dawa shi ne yardar mutanen da ke zaune tare da shi. Muddin duwatsun Kamuku suna nan, doka da gamba kuma suna tsiro, Mariga tana gudu, gidan yana nan. In an bar gidan a tsaye, aka sami lafiya, masu gidan za su iya yawaita kuma.

9. ABIN DA ZA MU YI

(a) Mu yi tsimin gawayi da itace. A rufe tukunya, a jiƙa wake kafin dahuwa, a yi amfani da murhu mai riƙe zafi. Wanda ke da halin gas ya yi amfani da shi.

(b) Kowane gida ya dasa itace da damina, ya kuma raine shi har ya fi ƙarfin akuya. Kada mu tsaya ga mangwaro kaɗai, mu tuna da ɗorawa, da maɗaci, da kaɗanya.

(c) Kada mu sayi kan ungulu, ko haure, ko fatar damisa, ko ɗan biri a igiya. In ba mai saye, ba mai kamawa.

(d) Mu hana yaranmu cinna wa dawa wuta, mu kuma gaya musu dalili.

(e) Mu fara kallo daga ƙofar gida. Malamai da shugabannin matasa su fita da yara bakin rafi da sassafe, da littafi da fensir. A rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa gaban damina. A koyi bambanta zalɓe da balbela, kurciya da hasbiya, a san cilakowa da kukanta. A nuna musu tsattsewar da ke tasowa daga ƙasar Turai ta ratsa Hamada ta iso mana.

(f) Mu zauna da tsofaffinmu tun suna nan. Romi ta tara kabilu masu yawa. A tambayi kowane tsoho sunan gwanki, da rema, da burtu a harshensa, da abin da ya sani game da su, a rubuta a ajiye.

TAMBAYOYI

1. Don me manyan namu su kan riga ƙanana ɓacewa?
2. Faɗi hawa uku na gandun daji. A wace shekara Kamuku ya kai hawa na uku?
3. Ta yaya za a iya ƙarar da gwanki ko burtu ba tare da an harbe su ba?
4. In giwa ta cinye gonar talaka, wa ya kamata ya ɗauki asarar? Ku tattauna.
5. Buhun gawayi nawa gidanku ke ƙonewa a wata? Ta yaya za a rage?
6. Mene ne ya ceci raƙuman dawa na Kure?
7. Ku rubuta sunayen tsuntsaye goma da kuka gani da idonku a unguwarku cikin wannan mako.